Ina Billen Yaya?

Hoto ɗaya tak mahaifina ya bari na zamanin ƙarfinsa, Allah ya jiƙansa. A Kano aka ɗauke shi, a wani shagon hoto na Sabon Gari, cikin 1971, lokacin da ya kai dabino birni ya sami ciniki. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Fari da baƙi ne, an yanke gefensa da ƙananan haƙora kamar bakin zarto. Yana zaune kan kujerar ƙarfe, sanye da farar babbar riga mai aska biyu, ya ɗora hannun dama bisa wata rediyo wadda na san ba tasa ba ce, ta mai shagon ce. A kuncinsa na hagu akwai bille, siriri, ya gangaro daga gindin hanci. Idan ka karkata takardar wajen haske za ka ga wani sheƙi mai shuɗi-shuɗi a kusurwoyinta, azurfar da ke ciki ce ta taso da tsufa. A bayanta akwai hatimin mai shagon da tawada ruwan makuba, da layi biyu na ajami da hannun mahaifina: wata da shekara, da kuɗin da ya biya, sule biyar.

Bara Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Kiyawa, ta ce tana son nata, ta rataya jikoki su riƙa gani. Na ɗauki hoton na kai wani shagon kwamfuta a nan Dutse. Yaron da na tarar mai ladabi ne, ya karɓa da hannu biyu, ya ce in dawo gobe. Da na dawo ya miƙo mini abu cikin firem mai ruwan zinare, ya kusa kamu ɗaya a tsawo, yana murmushin wanda ya san ya yi aiki. Rigar ta koma shuɗiya. Fatar ta yi haske, ta yi sumul kamar ta jariri. An cire bangon shagon an sa wani lambu mai furanni. Bille kuwa babu shi.

Na ce, "Ɗana, ina zanen da ke kumatunsa?"

Ya ce, "Baba, ai ƙarzuwa ce, na ɗauka takardar ce ta tsage. Manhajar ma da kanta ta share. Na gyara maka shi ne."

Ban yi masa faɗa ba, domin abin da aka saba nema a wurinsa ya yi. Na biya, na kai wa Gwaggo, ina so in ga ko ni ne mai tsanantawa. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta ce, "Ina billen Yaya?" Ta ajiye firem ɗin a kife bisa gado. Da na fito da ƙaramin daga aljihu ta karɓa, ba ta ce komai ba, sai hawaye.

Tun daga ranar maganar take cina. Ra'ayina shi ne, tsohon hoton da aka wanke a ɗakin duhu shaida ne, wanda kwamfuta ta buga kuwa ɗan aike ne. Ɗan aike yana da amfani ƙwarai, ya fi shaida saurin ƙafa, yana kai saƙo inda shaida ba zai taɓa zuwa ba. Amma mun fara barin ɗan aike yana ƙara gishiri a saƙo, kuma da zarar ya dawo sai mu yar da shaidar. Wannan na biyun shi ya fi tayar mini da hankali.

Na san ɗakin duhu da hancina da yatsuna. Ina makarantar sakandare a farkon shekarun 1980 nakan yi hutu a Fagge wurin kawuna, wanda sana'arsa ke nan. Ɗakin wankin bai fi rumbu faɗi ba, an toshe ƙofarsa da bargo biyu, ƙwan fitila ja ɗaya a sama, zafi kamar tanderu. Faranti uku a jere. Yakan sa nagatif a injin da ke haska shi ƙasa bisa farar takarda, yana ƙirga daƙiƙu a ransa, leɓɓansa na motsi. Takardar nan an shafe fuskarta da sinadarin azurfa mai jin haske. Duk inda haske ya taɓa, in an tsoma ta a faranti na farko, sai wurin ya yi baƙi. Na biyu ya tsayar da aikin, shi ne mai warin tsami. Na uku, wanda suke kira haifo, ya narkar da sauran azurfar da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin duhu in an fito da shi sarari. Ba na manta yadda fuska ke fitowa cikin ruwa: idanu tukuna, sai gira, sai inuwar hula, kamar mutum na tasowa daga rijiya. Da bazara sai an sayo ƙanƙara an sanyaya ruwan, in ba haka ba hoton ya ƙone kafin ka ankara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannun kawu. Matsalar mai hoto a ƙasar Hausa ita ce baƙar fuska da farar riga a takarda ɗaya. In ka ba takarda hasken da zai fito da aikin allura na rigar, fuska ta zama gawayi. In ka bi ta fuska, riga ta zama farin fili, babu aska babu linzami. Sai kawu ya sa tafin hannunsa tsakanin fitila da takarda, yana kaɗa shi a hankali saitin fuskar don ya rage mata haske, ya bar rigar ta sha. Wani lokaci ya dunƙule yatsu ya bar ɗan rami, ya zuba haske a aljihun riga kaɗai. Hoto goma daga nagatif ɗaya, babu biyu da suka zama daidai. Shi ya sa duk lokacin da na dubi na mahaifina, na ga askar rigarsa ta fito ɗaya bayan ɗaya kuma billensa na nan, na san wani mutum ya tsaya cikin duhu da gumi ya kare masa fuskarsa da hannu.

To, kada a ce ina cewa ɗakin duhu ba ya taɓa gaskiya. Yana taɓawa. Masu hoto na da suna da fensir da ɗan burushi, suna rufe ƙuraje, suna gyara ido. Manyan masu sana'ar a duniya ma haka. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez cikin 1941, ya yi shekaru kusan 40 yana sake wanke shi, sama da kwafi dubu, kuma sararin samaniyar na ƙara baƙi a hannunsa yayin da yake tsufa. Kusa da mu akwai Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Ƙananan hotuna yake ba masu zuwa wurinsa, kusan girman katin gaisuwa, su kai gida su sa a akwati, kamar dai mahaifina. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, aka baje wasu daga cikinsu a New York ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Daga nan aka bi sawu har aka same shi da dubban nagatif a ajiye. Aka kai Turai aka wanke su manya-manya, wasu sun fi mita, baƙin ya ƙara baƙi, farin ya ƙara fari, suka shiga gidajen tarihi da kasuwar masu kuɗi. Su ma a ɗakin duhu aka yi su, amma matan Bamako da ke ciki ba irin waɗannan suka kai gida ba. Saboda haka rigimar ba ta sinadari da lantarki ba ce. Ta amana ce. Bambancin shi ne, burushin kawu yana da iyaka, kuma nagatif na nan a ambulan in an yi gardama. Manhajar yau ba ta da iyaka: inda ba ta gane ba sai ta ƙago. Ta koyi fuska daga miliyoyin hotunan wasu mutane, waɗanda galibinsu ba su san bille ba, ba su san kalangu ko 'yar baka ba. Ta ga tarihin gidanmu a kunci ta ɗauka datti ne.

Kuma gaskiya ɗaya ce, ba kowane tsohon hoto ne ya fi sabo ƙarko ba. Bayan faranti na uku sai an ɗauraye takarda sosai, a sauya ruwa a sake sauyawa, domin haifon da ya rage a ciki shi ke cin hoton daga baya. A unguwar da ruwa sai an saya wurin mai garuwa, ba kowane mai hoto ke da wannan haƙurin ba. Duk hoton da ka gani ya koma ruwan ɗorawa, fuska na ɓacewa, yawanci rowar ruwa ce ta kashe shi. Wanda aka ɗauraye da kyau kuwa yana haura shekara ɗari. Hotunan da Jonathan Adagogo Green ya ɗauka a Bonny tun shekarun 1890 suna nan ana kallo.

Masu kala su ne abin tausayi. Waɗanda muka riƙa kaiwa wanki a shekarun 1980 da 1990 babu azurfa a cikinsu in an gama, rini ne hawa uku, kuma rinin ba ya koɗewa tare. Ɗaya ya riga tafiya, sai ka ga biki gaba ɗaya ya koma ja-ja. Wannan ya shafe mu kai tsaye a Dutse, domin muhimman shekarunmu sun faɗo daidai wannan zamanin. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke Jigawa daga Kano. Zuwan Kanar Olayinka Sule, rantsar da Ali Sa'ad Birnin Kudu a farkon 1992, ma'aikatan da suka yi ta sintiri daga Kano ta Kwanar Huguma don babu gidajen zama, filayen da yau suka zama sakatariya da unguwanni, naɗin Sarki Nuhu Muhammad Sanusi a 1995, duk a irin wannan takarda mai koɗewa suke. A nan kwamfuta rahama ce. Sikana mai kyau za ta iya kama abin da ya rage, mai ido ya daidaita launin gwargwadon yadda yake, a buga da tawada mai ƙarko irin wadda gidajen adana tarihi ke amfani da ita, ta fi ainihin takardar daɗewa. Wanda ya ce a guji kwamfuta saboda son tsohon abu, ya yanke wa waɗannan hotuna hukuncin mutuwa. Ni ba na cikinsu. Ko da ma mun so komawa ɗakin duhu, hanyar ta ƙuntata: kamfanin Kodak ya daina yin takardar fari da baƙi tun 2005, ya kuma durƙushe a 2012, shi da injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975. Ilford a Ingila na yi har yanzu, amma a farashin fam na yau wane mai shago ne a Dutse zai iya?

Sai dai abin da ake yi a yawancin shagunanmu ba wannan ba ne. Ana ɗaukar hoton da waya, sau da yawa ta cikin gilashin firem, hasken taga na kwance a goshin mamaci. A tura ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya zubar da rabin bayaninsa don ya yi sauƙin tafiya. Manhaja ta cike gurbin da abin da ta ga dama. A buga da firinta mai arahar tawada, wadda in ta sha ranar Dutse damina biyu sai ta koma kore. Mai abu ya dubi babba mai sheƙi, ya dubi ƙaramin tsoho mai tabo, ya ga ai tsohon ya gama aiki. A bar wa yara su yi wasa da shi, ko ya kwana a shago har ya ɓace. Garin neman gira an rasa ido. Wasu kuma don ƙauna suke kai shi a liƙe shi cikin leda da injin zafi. Ina roƙon jama'a da girman Allah a daina wannan. Zafi da gam suna shiga jikin takardar, ba a kuma iya ɓarewa har abada ba tare da fuskar ta biyo ledar ba.

Akwai abin da babu sikana da ke ɗauka in ba an sa ta ba, wato bayan hoto. Yaron nan bai ko juya na mahaifina ba. Alhali a can ne sunan shago yake, da unguwa, da shekara, da rubutun hannun mutumin. Hoton da aka raba da bayansa maraya ne, kowa na iya laƙaba masa uba. Kun sha ganin wani hoto yana yawo a Facebook ana cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, mutane na ta sa albarka a ƙasa. Shehu ya rasu a 1817. Ba a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai 1839 a Faransa, shekara 22 bayan rasuwarsa. Wani bawan Allah ne daban aka ɗauka, aka cire masa sunansa aka ba shi na Shehu. Haka hotunan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, da na hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956: kullum ana sake musu launi, ana gyara musu hanci, har yaro ya taso bai san ainihin kamanninsu ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana iya ƙago hawan sallar da ba a taɓa yi ba, da sarkin da bai taɓa hawa ba. Ranar da gardama ta tashi kan wane ne ya riƙe wace sarauta, ko ina iyakar wata gona take kafin a yi titi, takardar da ke da hatimi da tabon shekaru ce za ta raba, ba wadda ta fito daga firinta jiya ba.

Mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa gane wannan. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu wanda mutanen da can suka yi, ya dusashe, sai ka ƙura ido kafin ka gani. Babu mai hankalin da zai ɗauki fenti ya je ya ƙara musu haske. Dusashewar tana cikin abin da ke tabbatar da su.

An yi abin da nake nufi a wasu wurare, kuma ya yi kyau. Solomon Alonge ya yi shekaru kusan 50 yana ɗaukar hoton fadar Oba na Benin da mutanen garin. Gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya adana nagatif ɗinsa, har da na gilashi, ya baje su a 2014, sannan a 2017 aka kawo baje-kolin Benin, jikoki suka zo suna nuna kakanninsu da yatsa suna faɗin sunaye. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa masu ceto tsofaffin takardu da hotuna da ke cikin haɗari. A ƙarƙashinsa aka kwafe dubban nagatif na Jacques Toussele, mai shagon hoto a garin Mbouda na Kamaru, kuma ƙa'idarsu ita ce asalin kaya ya zauna a ƙasarsa, kwafi ne ke tafiya. Mbouda ba ta fi Dutse ba. Muna da Jami'ar Tarayya tun 2011, muna da fada a Garu, muna da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Birnin Kudu da kowannensu ke da hoton aji a ƙasan akwati. Ba gini ake buƙata ba. Sikana ɗaya mai kyau, ɗalibai biyu masu haƙuri, da littafin rajista. A zagaya Garu da Limawa da Kiyawa da Jahun, a roƙi iyalai su fito da abin da suke da shi, a kwafi gaba da baya ba tare da an taɓa ko ɗigo ba, a tambayi tsohuwar gidan wane ne wannan, wace shekara, a rubuta, a mayar wa masu abu kayansu a hannu a ranar. Wanda yake son mai kala don ɗakinsa a yi masa, amma a rubuta a ƙasa cewa an sa launi. Gaggawar ba ta takardun kaɗai ba ce. Gara na ci, damina na jiƙawa, ambaliyar 2022 ta tafi da akwatuna da yawa a jihar nan, amma waɗanda suka san sunayen su suka fi saurin tafiya. Gwaggo ta haura 70.

Na san akwai gidajen da ba sa son rataya hoto saboda fahimtarsu ta addini, wasu ma sukan ƙona na mamaci bayan an yi sadakar bakwai. Wannan fagen malamai ne, ba zan shiga ba. Roƙona kawai, wanda ba ya son ajiyewa ya miƙa wa ɗan'uwan da zai ajiye, ya naɗe a farar takarda, ya sa a akwatin ƙarfe, ya ɗaga shi daga ƙasa nesa da bangon da ke tsattsafo. In za a rubuta suna a baya, da fensir, kada da biro, don tawadar biro na ratsawa.

Sati biyu bayan zuwana wurin Gwaggo na koma shagon yaron nan. Na ce masa wannan karon zan zauna. Ya share gilashin sikanar da gefen rigarsa, na ce ya nemo ƙyalle mai tsabta, ya nemo. Ya kwantar da hoton, ya ɗaga ƙarfin ɗaukar zuwa ɗigo 600, abin ya ɗauki lokaci. Da ya fito a allo ya kai hannu zai danna wurin gyara, na riƙe masa wuyan hannu. Na ce ya ƙara girman kuncin hagu. Ya ƙara. Billen ya cika allon, ga shi da ɗan tudu da inuwa a gefe guda, abin da tsagar takarda ba ta da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Baba, kakata ma tana da irinsa." Na ce ya juya takardar ya ɗauki bayan. Ya tambaye ni abin da ajamin ya ce, na karanta masa. Ya buga biyu, fari da baƙi, girman tafin hannu, gaba da baya a takarda ɗaya, da tabon kusurwa da komai. Ɗaya na wurin Gwaggo a Kiyawa, cikin kwallar da take ajiye takardun gonarta.